Jifan Ƙarshe da Na Ba Ɗan Dogo-Dogo

Akwai maganar da kuka tashi kuna ji a Magariya, har wasunku suka yi dambe a kanta a hanyar lakwal, wato makaranta: wai ubanku ya hana ɗan cikinsa jefa ƙwallon ƙarshe, ya ba baƙo, aka zo har gida aka cinye garin. Rabin maganar gaskiya ne. Baƙo na ba, kuma an cinye mu. Ɗaya rabin na riƙe shi shekara da shekaru, tun da ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yanzu na aje aiki, gwiwoyina sun daina yarda da tsalle, yayanku kuma da bakinsa ya ce in rubuta muku yadda abin ya faru, kada in rage komai. To, ga shi.

A lokacin ni ne mushen wasanni, wato malamin wasanni, a kolej. Filinmu na basket, ƙwallon kwando, siminti ne da ya tsattsage, ciyawa na leƙowa ta tsagar da damina. Kwanduna biyu gare mu, ɗaya ya ɗan sunkuya tun ranar da wani ƙaton ɗalibi ya rataya a jikinsa. Ragar da ke jikinsu uwarku Zuwaira ce ta saƙa mana da igiyar buhu, duk lokacin da ta tsinke kuma ita ke gyarawa. Mutanen gari ƙwallon ƙafa suka sani. Basket a wurinsu wasan ƴan lakwal ne, suna wucewa ko waiwaye ba sa yi. Yayanku ne ya sa suka fara tsayawa.

Sunan mahaifina aka sa masa, don haka Abba muke ce masa a gida. Tsawon dangin uwarku ya ɗauko, ga hannaye kamar faifai. Tun yana ƙarami yake bina fili, kafin ya kai aji na ƙarshe a kolej kuwa babu yaron da ke iya tsayawa gabansa daga nan har Dungass. In ya tashi sama sai ka ce ya manta da saukowa. Ƴan kabu-kabu ne suka raɗa masa Shaho, sunan ya bi gari. Ranar da muke da wasa, su kan jera baburansu kewaye da fili su hau kan sirdi don su hango. Ƴan kasuwa su rufe shago tun kafin la'asar. Wani alhaji mai kai kaya Kano ya sayo masa takalmin wasa fari, ya kawo har gida da kansa. Ɗan fari ne, ban taɓa yabonsa a gaban mutane ba, amma kada wanda ya ce muku ban ji daɗi ba. Na ji ƙwarai.

Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Na lura da wani abu da ƴan kallo ba su lura da shi ba. In muna gaba da maki masu yawa, Abba ba shi da na biyu. In kuwa wasa ya matse, lokaci ya kusa ƙarewa, bambanci ya zama ƙwallo ɗaya, sai in neme shi in rasa. Yana cikin fili, yana gudu, amma kullum a bayan mai tsaronsa yake tsayawa, inda ƙwallo ba zai same shi ba. In ya same shi dole, ya miƙa wa na kusa da sauri kamar an ɗora masa garwashi. Mutane su tafa, su ce yaron ba shi da son kai. Wata rana a Dungass, ana cikin irin wannan matsi, na ga ya durƙusa yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Da ƙwallo ya same shi ya miƙa wa wani yaro, Sabi'u, shi ya jefa, muka ci, aka ɗauki Shaho a kafaɗa. A hanyar komawa na ɗauko shi a bayan babur ɗina, na yi masa magana ba tare da na waiwaya ba.

"Me ya sa ka miƙa wa Sabi'u, alhali kai ne a buɗe?"

"Baba, ya fi ni kusa da kwando."

"Bai fi ka ba."

Nan maganar ta tsaya. Magana tsakanin uba da ɗan fari ba ta tsawo, kun san wannan.

A shekarar ne Ila ya shigo ƙungiyar. Ɗan Dogo-Dogo ne, yana zaune wurin kawunsa mai sayar da hatsi a bakin kasuwa. Sunan garinsu bai yi masa rana ba, don shi ne gajeren cikinsu. Ba gwani ba ne, kada in ƙara masa abin da ba shi da shi. Yana jifa da yawa, yana ɓatawa da yawa, har ƴan kallo suka sa masa Ɓarnau. Ga taurin kai, in na yi masa faɗa ya ce to, gobe ya sake. Amma in ya ɓata sai ya juya ya koma tsaro fuskarsa wasai, kamar ba shi ya ɓata ba. Akwai wani gwaji da nakan yi musu a ƙarshen horo, lokacin da kowa ya gaji liƙis. In ce mutum ɗaya zai jefa, in ya shiga kowa ya tafi gida, in bai shiga ba duka su zagaya filin ƙwallon ƙafa a guje. In tambaya wa zai jefa. Ban taɓa rufe baki ba hannun Ila bai tashi ba. Wani lokaci ya ci, wani lokaci su yi gudu suna zaginsa, gobe kuma hannun nan ya sake tashi. Abin da ya ba ni mamaki, ya fi ci a wannan lokacin a kan sauran lokuta. Abba kuwa ƙishirwa ce ke kama shi daidai lokacin, sai ka gan shi wurin jarkar ruwa.

Da bazara aka yi gasar makarantu. Ƴan Matamai suka zo mana, wanda ya ci shi zai tafi Damagaram ya wakilci yankin. Wani mutum ma ya zo daga can, mai nema wa wata lise, babbar makarantar sakandare, yara, wanda ya zaɓa zai sami gurbin karatu da wurin kwana. Ban taɓa ganin taro irin na ranar a filin nan ba. Har bisa katangu da rassan dogonyaro mutane ne. Abba ya yi wasan da bai taɓa yi ba, muka tsere musu, gari ya ɗauki kirari. Amma ƴan Matamai ba su zo yawo ba. Sannu a hankali suka cim mana, kafin in farga sun wuce mu da maki ɗaya, lokacin da ya rage kuma jifa ɗaya kawai zai ɗauka. Na nemi ɗan hutun nan da muke ce wa tan-mor, yaran biyar suka kewaye ni suna haki. Fili duka murya ɗaya yake: Shaho, Shaho.

Ku riƙe wannan da kyau, don nan ne maganar gari ta bar hanya. A zuciyata yayanku na shirya wa ƙwallon. Shi ya fi kowa hannu, shi gari ke kira, shi ne ɗana. Shi nake kallo lokacin da na yi magana.

"Jifa ɗaya ya rage mana. Wa ke so?"

Ya sunkuyar da kai. Gumi na ɗiga daga haɓarsa zuwa kan farin takalmin nan, shi kuma ya ƙura masa ido kamar ranar ya fara ganinsa. Na jira, iyakar jiran da uba zai iya yi a irin wannan wuri.

"Mushe, a ba ni," in ji Ila.

Ban kalle shi ba. Na ce, "Abba?"

Ya ce, a hankali yadda mu shida kaɗai muka ji, "Suna tsare ni sosai, Baba."

Ba su fi tsare shi yadda suka yi tun farkon wasa ba, ya sani, na sani. Ina iya ce masa dole ne. Amma na daɗe a wannan aiki, na ga yadda ƙwallo ke fita daga hannun da ba ya son sa: gajarta yake yi, ko ƙarfen kwando ba ya kaiwa. Na ce Abba ya ruga kusurwa ya ja masu tsaro su bi shi, Sabi'u ya tare wa Ila hanya, a ba Ila. Haka aka yi, kuma dabarar ta yi daidai. Mutum biyu suka bi Shaho, Ila ya sami kansa shi kaɗai. Bai yi wata-wata ba, ya tashi ya saki. Ƙwallon ya sauka kan ƙarfe, ya zagaya bakin kwando, ya leƙa ciki, ya fito. Alƙalin wasa ya busa usur.

Daga nan ledojin ruwa suka fara sauka a fili. Wani ɗan kabu-kabu da na koyar da shi da hannuna ya ɗaga murya daga kan babur ɗinsa.

"Mushe, kara har a filin wasa? Don ɗan fari ne sai a kashe gari?"

Nan take gari ya sami bayaninsa. Wasu suka ce kunya ce ta hana ni fifita ɗana. Wasu suka ce hassada nake yi masa don sunansa ya rufe nawa. Ana cikin wannan hayaniya Ila ya zo ya tsaya gabana, idonsa ya yi ja amma bai yi kuka ba.

"Mushe, gobe akwai horo?"

Na ce akwai. Mutumin Damagaram kuwa ya ba ni hannu, ya ce Abba yake so, ya ƙara da cewa da yaron nan aka ba da mun ci. Na ce masa Allah ne masani. Ranar na gane wani abu game da suna. Jifan da ba a yi ba kullum shiga yake yi a bakin mutane. Ila ya jefa ya ɓata, ya zama Ɓarnau na dindindin. Abba bai jefa ba, ya fita da sunansa cikakke, har ya ƙaru, don yanzu ya zama gwanin da aka zalunta. Yau ina jin jikokina suna gardama a kan manyan ƴan wasan da suke kallo a salula, wane ya fi wane, suna lissafa maki. Ni in na karɓi salular, ƙarshen wasa kaɗai nake kallo, kuma ba ƙwallo nake bi ba. Hannaye nake duba, in ga wa ya buɗe nasa yana kira, wa ya sauke nasa ya laɓe bayan wani.

A gida wuta ta fi ta waje. Kakarku Iya, mahaifiyata, ita ta goyi Abba, kuma ba ta san wani abu wai shi sassauta murya ba. Tun ban cire takalmi ba ta tare ni a tsakar gida.

"Kai Laminu, wace irin kara ce wannan? Ubanka ya fi ka kunya, amma ranar kokawa a Guci shi da kansa ya tura ka fage. Ka ɗauki rabon maigidana ka ba ɗan mutane, ɗan mutanen ma ya zubar!"

"Iya, abin da na ga ya dace na yi."

"Ya dace da wa? Da ƴan Matamai?"

Uwarku ba ta ce uffan ba. Ɗan farinta ne, ba za ta tsaya masa a fili ba. Amma na san shirun Zuwaira iri-iri, wannan kuma ban taɓa jin irinsa ba. Ta ajiye mini tuwo ta juya. Ragar kwando ta tsinke bayan ƴan makonni, na kawo na ajiye inda na saba ajiyewa, ta yi ta zama nan har kaji suka fara kwana a kanta. Abba yakan gaishe ni da safe idonsa a ƙasa, ya fice. A waje ana dafa kafaɗarsa ana ba shi haƙuri, shi kuma bai ce i ba, bai ce a'a ba.

Kalma ɗaya ta ishe ni wanke kaina. In ce na ba shi ya ƙi, ga yara huɗu shaida. Na auna abin, na ga abin da zai biyo baya. A Magariya in aka ce wa saurayi matsoraci, har ya yi furfura sunan na nan, ƴaƴansa ma su gada. Ni kuwa babba ne, fatata ta yi kauri. Na tara yaran huɗu na ce abin da aka faɗa a tan-mor ya mutu a tan-mor. Sun riƙe amana, har Ila, wanda shi ya fi kowa shan zagi.

Abin bai tsaya a zagi ba. Iyayen yara da wasu masu faɗa a ji suka yi ta zirga-zirga wurin darekta, aka karɓe ƙungiyar aka ba wani. Da aka koma hutu takardar canjin wurin aiki ta fito, aka tura ni Guci, inda ko kwando babu. Na yi shekaru a can. Ƙarshen mako nake hawa babur in keto yashi in zo in gan ku, da damina wani lokaci hanya ta hana. Ke Rabi, kin fara tafiya ban gani ba, labari aka ba ni. Kai Nasiru, ranar da ka karye a hannu ba na nan, maƙwabci ne ya kai ka wurin mai ɗori. Wannan shi ne abin da na biya, ku ma kun biya tare da ni ba a tambaye ku ba, shi ya sa kuke da haƙƙin sanin dalili. A Guci na samo tsohuwar ƙafar keke na cire wayoyinta, na kafa a jikin itace ta zama kwando. Ƴan mata ne suka fi zuwa, kuma a cikinsu na ga masu buɗe hannu da yawa.

Ila bai ci gaba da karatu ba, ya koma Dogo-Dogo, yau yana da garejin gyaran babura da yara a ƙarƙashinsa. Duk lokacin da muka haɗu a kasuwa sai ya riƙe hannuna da nasa biyu ya yi dariya.

"Mushe, in za a sake, ni za a sake ba."

Ni kuma in ce masa, "Kai zan sake ba." Ba wasa nake yi ba.

Abba ya tafi Damagaram da sunansa. A can ya tarar da dogaye irinsa, da mai horarwa wanda ba ubansa ba. A shekararsa ta ƙarshe a lise ya zo hutu, na dace ina gida. Bayan azahar ne, muna ƙarƙashin rumfa, Iya na kan tabarmarta tana ɓare gyaɗa, uwarku na tankaɗe. Ya shigo ya zauna a ƙasa, ba inda ya saba zama ba. Ya ce sun yi wani babban wasa, ya rage jifa ɗaya, ya kira ƙwallo da bakinsa aka ba shi.

"Ka ci?" in ji Iya.

"Na ɓata, Iya. Aka yi ta zagina a makaranta. Da gari ya waye na taɓa jikina, na ga ban mutu ba."

Sai ya juya wajen uwarsa, ya faɗi abin da ya faru ranar ƴan Matamai, tun daga tambayata har zuwa amsarsa, bai rage ko kalma ba. Iya ta dube shi, ta dube ni, ta jefa gyaɗa a baki.

"To ai yaro ne lokacin. Kai kuma Laminu, baki gare ka, me ya hana ka faɗa?"

Haka Iya take, Allah ya ji ƙanta, maigidanta ba ya laifi. Uwarku kuwa ba ta daina tankaɗe ba.

"Na sani," in ji ta.

Duka muka dube ta. Ta ce ranar tana gidan ƙanwarta da ke bayan kolej, ta hau turmi tana leƙe ta katanga. Ba ta ji abin da aka ce ba, amma ta ga wanda ya sunkuyar da kai, kuma ba ta buƙatar a fassara mata wuyan da ta haifa. Na ce to in ta sani, fushin shekarun nan na mene ne? Ta ajiye rariya, ta kakkaɓe hannu.

"Malam, yaron da ke jin tsoro ba a tambayarsa a gaban abokansa. Umarni ake ba shi. Da ka ce masa jefa, da ya jefa. In ya ɓata, ya koyi abin nan a gida muna kusa da shi, ba sai ya je garin mutane shi kaɗai ba."

"Da na tilasta shi, da hannuna ne ya jefa, ba nasa ba."

"To hannun uba don me aka yi shi?"

Daga baya na samo amsoshi da yawa a kan hanyar Guci, na kawo mata su ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta karɓa. Ni dai ina nan kan bakana: ƙwallon ƙarshe na mai so ne, ko ɗan wane ne shi, kuma da za a mayar da ni bakin filin nan, tambayar nan zan sake yi. Kafin in ba ku wannan labari na karanta mata shi tun daga farko. Ta saurara har ƙarshe, ta gyara mini wuri biyu, sannan ta ce in rubuta muku cewa har yanzu ba ta yarda ba. Ga shi na rubuta.